Yadda Ake Haɗa Kiɗan Gwaji da Sintesaiza Mai Sassa

Duk wanda ya taɓa danna kibod ɗin da ake kiɗan biki da shi ya san tsarinsa: kamfani ya riga ya shirya sautukan, kai dai ka zaɓi lamba ka danna. Sintesaiza mai sassa, wadda 'yan harkar ke kira mojula, ba haka take ba. Akwati ne da aka jera ƙananan na'urori a ciki, kowace da aikinta guda, kuma babu wadda ke jin 'yar'uwarta sai ka ɗauki waya ka sada su. In ka kunna ta ba ka haɗa komai ba, shiru za ka ji. Kai ne za ka gina kayan kiɗan kafin ka kaɗa shi, gobe kuma ka warware ka gina wani. Shi ya sa masu kiɗan gwaji, waɗanda ke neman sautin da kunne bai saba da shi ba, suka riƙe ta tun fitowarta.

Mutum biyu ne suka fara ƙera ta a Amurka kusan lokaci ɗaya. Robert Moog ya fito da tasa a 1964 a garin Trumansburg na jihar Niyok, ya sa mata kibod don mawaƙa su ji sun san hanya. Tsarinsa shi ne a fara da sauti mai kauri a yi ta tace shi. A can yankin San Francisco kuwa Don Buchla ya ƙera tasa don masu gwaji irin su Morton Subotnick, kuma da gangan ya ƙi sa kibod, ya sa faifan ƙarfe da ake taɓawa da yatsa, saboda kada hannu ya koma kan waƙoƙin da ya haddace. Shi yana farawa da sauti siriri ne ya yi ta lanƙwasa shi har ya yi kauri. Yawancin abin da ake sayarwa yau yana bin ma'aunin Eurorack, wanda Dieter Doepfer na Jamus ya kawo da tsarinsa na A-100 a tsakiyar shekarun 1990, kuma a cikin akwati ɗaya kana iya cakuɗa hanyoyin nan biyu.

Da farko: fahimci abin da ke gudana cikin waya

In ka gane wannan, sauran duk ƙarin bayani ne. Abu ɗaya ne ke bin kowace waya, wato ƙarfin lantarki da ake aunawa da bolt. Abin da ya bambanta shi ne saurin hawa da saukarsa. In yana kaiwa da komowa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kunne na jin sa a matsayin sauti. In yana tafiya a hankali, ba a jin sa, amma yana iya juya maɓallin wata na'ura a madadin hannunka. Wannan shi ake rubutawa CV a fuskar na'urori. Akwai kuma wanda ke tsalle daga sifili zuwa sama ya tsaya sannan ya faɗo. Shi ne GATE, mai cewa "fara" da "tsaya". Ɗan gajerensa, bugu ɗaya tak, shi ne TRIG.

Ka tuna mai kalangu. Hannu ɗaya na bugu da makaɗi, hammata kuma na matse tsirkiya, sai muryar gangar ta hau ko ta sauka. Bugun shi ne TRIG, matsewar ita ce CV. A Eurorack an daidaita matsewar: duk ƙarin bolt 1 a kafar da aka rubuta V/OCT yana ninka saurin girgiza sau biyu, wato muryar ta hau oktaf ɗaya.

Tunda abu ɗaya ne ke gudana, kowace kafar fita tana iya shiga kowace kafar shiga. Sauti na iya zama mai juya maɓalli, mai juya maɓalli kuma in ka hanzarta shi ya zama sauti. Daga nan duk gwajin yake fitowa. Doka ɗaya ce ake kiyayewa: kada ka haɗa kafar fita da wata kafar fita.

Kada ka sayi komai tukuna

Wannan shawara ce da nake bayarwa da ƙarfi. Da dala ko yuro ake sayen sassan nan, kuma akwati ƙarami ma yana cin kuɗin da zai sayi kwamfuta mai kyau. Akwai manhaja mai suna VCV Rack, wadda Andrew Belt ya fitar a 2017. Tana da sigar kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana kwaikwayon Eurorack har da wayoyinsa masu launi. Sauke ta, ka buɗe asusu na kyauta a shafinsu, ka ƙara tarin Audible Instruments da na Befaco. Na farkon an gina shi ne a kan sassan Mutable Instruments na Émilie Gillet ta Faransa, wadda ta saki tsarin aikinta a buɗe ga kowa. Abin da ka koya a nan shi ne dai za ka tarar a kan ƙarfe, wato na'urar gaske.

Da ka buɗe, goge haɗin da ya zo da ita, ka bar sashen AUDIO kawai, ka zaɓi na'urar sautin kwamfutarka a cikinsa. Danna dama na linzami a wuri mara komai yana buɗe jerin sassa. Kafin ka ja waya ko ɗaya, sauke ƙarar lasifika ko abin kunnenka ƙasa sosai. Mojula na iya yin ƙara mai tsini ba zato, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa.

Murya ta farko

Ɗauko VCO, wato osileta, uwar sauti. Ja waya daga kafarta ta SIN zuwa AUDIO. Za ka ji sauti mai santsi wanda ba ya yankewa. Juya maɓallin FREQ a hankali daga ƙasa har sama. Sai ka cire wayar ka gwada TRI da SAW da SQR ɗaya bayan ɗaya. Muryar ɗaya ce, amma SAW ya fi kaushi domin yana ɗauke da dukkan ƙananan muryoyin da ke hawa bisa babbar, SQR kuma yana ɗauke da rabinsu ne, shi ya sa yake fita kamar mai rami a ciki. Sa SCOPE a gefe ka ga siffar kowanne da ido. Kada ka yi gaggawa a nan. Wanda kunnensa ya rarrabe waɗannan huɗu ya samu tushe.

Yanzu saka VCF, filta, a tsakani: SAW ya shiga IN, LPF ya fita zuwa AUDIO. Sauke maɓallin yankewa, za ka ji tsinin sautin na dusashewa. Ɗaga RES kaɗan ka sake juyawa, sai ka ji wani "wau" kamar bakin mutum na buɗewa. In ka kai RES ƙarshe, filta da yawa sukan fara fito da kansu ko babu abin da ke shiga. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Saura yanke sautin ya zama bugu-bugu. Saka VCA bayan filta, ita ce ke buɗe ƙara da rufe ta. Ɗauko ADSR, mai tsara rayuwar kowane bugu: A tsawon lokacin tashi, D saukowa ta farko, S matakin da zai tsaya muddin GATE na sama, R yadda zai mutu bayan an saki. Fitar ADSR ta shiga CV na VCA. Don samun GATE ba tare da kibod ba, ɗauko LFO, wadda osileta ce mai tafiyar hawainiya, ka kai SQR ɗinta cikin GATE na ADSR. Sauti zai fara zuwa yana ɗaukewa. Gajarta A da D ka sauke S ƙasa, ka samu bugu kamar na tsinke. Tsawaita A da R, ka samu numfashi mai tasowa. Daga nan sai ka ja waya ta biyu daga ADSR zuwa CV na filta, kowane bugu ya riƙa buɗewa da haske yana rufewa da duhu.

Wannan ita ce hanyar Moog. Da ita ake yin waƙa ta yau da kullum. Gwajin yana farawa ne lokacin da ka sauka daga kanta.

Cire hannunka, bar na'ura ta juya kanta

Ɗauko LFO ta biyu, ka rage saurinta har zagaye ɗaya ya kai kamar daƙiƙa 20, ka kai ta filta. Ɗauko ta uku mai wani saurin dabam wanda bai yi daidai da na biyu ba, ka kai ta kafar da ke sauya saurin LFO ta farko. Bugun zai riƙa gudu yana jan ƙafa, haske na zuwa yana tafiya, kuma ba za su haɗu a wuri ɗaya sau biyu da wuri ba.

A nan ne sabon shiga ke yawan faɗuwa: yana kai CV da cikakken ƙarfinsa. Bolt 10 a kan V/OCT oktaf goma ke nan, abin da zai fito sai kukan jiniya. Kowace wayar CV ta ratsa ta mai rage ƙarfi, irin sashen 8VERT, ko ka yi amfani da ƙaramin maɓallin da ke gefen kafar shiga. Fara daga sifili ka ɗaga sannu har ka ji motsin, ka tsaya nan. A ganina rabin kyawun kiɗan mojula yana wajen waɗannan ƙananan maɓallan da ba wanda ke ɗaukar hotonsu.

Sai kuma sa'a. Sashen NOISE yana fitar da "shuuu" irin na rediyon da bai kama tasha ba, wanda a haƙiƙa bolt ne mai tsalle ba tsari. Sashen S&H, duk lokacin da ya sami bugu, yana cafke ƙarfin da ya tarar a wannan ƙiftawar ya riƙe shi har bugu na gaba. Ba shi NOISE, ka ba shi bugun LFO ta farko, ka rage fitarsa zuwa bolt 1 ko 2, ka kai V/OCT. Kowane bugu zai zo da murya sabuwa. In kana son muryoyin su zauna kan tsani, saka QUANTIZER a tsakani ka kunna muryoyi biyar kawai daga cikin goma sha biyun da ke cikin oktaf. Tsanin murya biyar ya zauna a kunnen duk wanda ya tashi yana jin goge da garaya, kuma yana sa zaɓin sa'a ya fito kamar da niyya. Amma ka gwada cire shi ma. Tsakanin maɓallan kibod akwai muryoyin da ba su da suna, kuma mojula na kai wa gare su cikin sauƙi.

Haɗin da ke kaɗa kansa

Akwai wani haɗi da 'yan harkar ke kira Krell, wanda Todd Barton ya yaɗa a kan na'urar Buchla. Ina ganin duk mai koyo ya kamata ya gina shi da hannunsa, domin yana tattara duk abin da muka faɗa.

Ɗauko Rampage na Befaco. Aikinsa ya hau ya sauko, kuma da ya gama saukowa yana fitar da bugu ta kafar EOC. Kunna CYCLE don ya riƙa sake farawa da kansa. Fitarsa ta shiga CV na VCA, ta kuma shiga filta kaɗan. Yanzu bugun EOC ya tafi wurare uku. Na ɗaya, S&H mai zaɓen murya, kamar yadda muka yi a sama. Na biyu, wani S&H wanda fitarsa za ta koma kafar RISE ta Rampage ɗin. Na uku, wani kuma zuwa FALL. Abin da ke faruwa shi ne kowane sauti, a daidai mutuwarsa, yana yanke wa na bayansa murya da tsawon tashi da tsawon faɗuwa. Wani zai zo gajere kamar ɗigo, uku su biyo a guje, sai ɗaya ya miƙe na tsawon lokaci.

In ya tsaya cik, yawanci ƙarfin da ke zuwa RISE ko FALL ne ya yi yawa har zagaye ɗaya ya zama na mintuna, sai ka rage shi. In duk sautukan sun zo kusan tsawo ɗaya, ka ƙara. Wurin daɗin siriri ne tsakanin biyun, kuma kunne kaɗai ke gano shi. Ƙara DELAY a ƙarshe don amsa-kuwwa, amma kaɗan. Amsa-kuwwa mai yawa tana rufe aibin haɗi, kuma mai koyo yana bukatar jin aibin.

Da haɗin ya fara tafiya, aikinka ya koma na mai kiwo: ka saurara na minti biyu ko uku ba ka taɓa komai ba, sannan ka juya maɓalli ɗaya, ɗaya tak, ka sake saurare. Wanda ke sauya abu uku lokaci guda ba zai san wanne ne ya kawo abin da ya ji ba, kuma ba zai iya komawa gare shi ba.

Karya tsari da gangan

Ɗauko VCO ta biyu ka kai SIN ɗinta kafar FM ta farko. In tana tafiya a hankali, rawar murya za ka ji. Hanzarta ta zuwa inda kunne ke ji, sai rawar ta ɓace, launin sautin ya sauya gaba ɗaya. In saurin biyun na da dangantaka mai sauƙi, kamar 1 da 2, sautin yana fita da tsabta. In ka karkace kaɗan, sai ka ji ƙararrawa da kwano da ƙarfe. John Chowning ya binciki wannan hanya a Jami'ar Stanford tun ƙarshen shekarun 1960, kuma ita ce zuciyar kibod ɗin Yamaha DX7 na 1983. Sa VCA tsakanin osiletocin biyu, Rampage na buɗe ta, kowane bugu ya fara da ƙarfe ya ƙare da santsi.

Daga nan sai mayar da sauti cikin kansa. Fitar filta ta ratsa DELAY, ta ratsa mai rage ƙarfi, ta dawo cikin filta ta hanyar MIXER. Sauke ƙara kafin ka rufe wannan zobe. Ɗaga dawowar sannu a hankali. Akwai gaɓar da sautin ke fara kuka da gurnani da kansa amma bai ɓalle ba, kuma a kan wannan gaɓar ne ake samun abin da babu kibod ɗin da zai ba ka. Filtar nan mai fito da muka ajiye, ba ta TRIG a kafar shiga tana dab da fara fiton, za ta yi "tum" kamar ganga mai fata.

Kan kari kuwa, mojula ba ta tilasta maka huɗu-huɗu. Sa sikwensa, wato sashen da ke bin jerin taki ɗaya bayan ɗaya yana maimaitawa, ɗaya mai taki 5 da wata mai taki 7 a kan agogo ɗaya mai ba su bugu, ba za su dawo mafari tare ba sai bayan bugu 35. Akwai kuma sassan da ke raba bugu daidai-wa-daida cikin zagaye, hanyar da Godfried Toussaint na Jami'ar McGill ya bayyana a 2005. Bugu 3 cikin 8 kari ne da ƙafarka ta riga ta sani. Bugu 7 cikin 12, in an juya mafarinsa, shi ne karin ƙararrawar da Ewe na Ghana ke kaɗawa.

Kuma ba dole sautin ya fito daga osileta ba. A 1944, a Alƙahira, Halim El-Dabh ya naɗi muryoyin wani taron zar, mai kama da bori, da rakoda mai naɗi a kan zaren ƙarfe, ya sarrafa su a ɗakin rediyo har suka zama wani abu dabam, kuma ana lissafa aikin cikin na farko-farkon irinsa a duniya. Wayar hannunka ta fi rakodarsa nesa ba kusa ba. Naɗo injin niƙa, bugun maƙera, ruwan sama a kan kwano, ka shigar da su filta ko sashen Resonator na Audible Instruments. In muryar mutane za ka naɗa, nemi izininsu.

Naɗi da tacewa

Danna naɗi kafin ka fara wasa, ba bayan ka ji abin da ya burge ka ba. Haɗin da ke tafiya da sa'a ba ya maimaita kansa. VCV na da sashen Recorder na kyauta. Zaɓi WAV, bit 24, ka bar ƙololuwar ƙara wajen −6 dB don kada ta fashe. Naɗi minti 20 ko 30, ka bar shi ya kwana, ka saurara washegari a Audacity, manhajar gyaran sauti. Yanko minti uku ko huɗun da suke da mafari da tafiya, ka yar da sauran ba tausayi. Tace duk abin da ke ƙasa da 20 Hz, wato girgiza sau 20 a daƙiƙa, domin mojula na fitar da ƙarfin da ba a ji amma yana wahalar da lasifika. A kwamfuta kana iya adana haɗin. A kan ƙarfe babu adanawa, sai hoto da rubutu a littafi: wace kafa zuwa wace, maɓalli yana nuna ƙarfe nawa in an ɗauke shi kamar hannun agogo.

In lokacin sayen ƙarfe ya yi

Za ka san ya yi idan ka lura da sassa biyar ko shida da hannunka ke komawa gare su kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce na'ura guda mai haɗin ciki wadda kuma ke karɓar wayoyi, irin Moog Mother-32 ko Make Noise 0-Coast ko Behringer Neutron. In akwati kake so, tsayin sashe milimita 128.5 ne, faɗi kuma ana auna shi da HP, kowane ɗaya milimita 5.08. Layi ɗaya na 84 ko 104 HP ya isa farawa. Shafin ModularGrid yana ba ka damar jera sassa ka ga faɗinsu da wutar da suke ci. Haɗa jimillar miliamf, wato yawan wutar da sassa ke ci, na kowane layin wuta, +12 da −12 da +5, ka tabbata bai wuce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na abin da akwatin ke bayarwa ba. Kada osiletoci su cinye kuɗin: VCA da masu rage ƙarfi da mai raba waya su ne ke sa sauran su yi aiki.

Wajen ɗaura sashe, kashe wuta tukuna. Faffaɗar wayar wuta tana da jan layi a gefe, shi ne −12. Duba alamar a bayan sashen da kan allon wuta, ka sake dubawa, domin juya ta na iya ƙona sashe nan take. Fitar mojula ta kai bolt 10 daga sama zuwa ƙasa, ta fi ƙarfin abin da yawancin rakoda ke tsammani, don haka sai ta bi ta sashen fita ko a rage ta.

A wurinmu akwai ƙarin abu biyu. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, da ta ƙaramin janareto, ba abin amincewa ba ce ga kayan nan. Sa mai kare tashin wuta, in da hali ka ciyar da akwatin daga infata mai fitar da wuta mai santsi, ka zare shi daga bango in ka gama. Ƙurar hunturu kuma tana shiga kafofi da maɓallai ta sa su ƙarar ƙas-ƙas, don haka a rufe akwatin da kyalle duk lokacin da ba a aiki. Da ka kunna, ba osiletocin analog minti 15 su ɗumama kafin ka daidaita muryarsu, in ba haka ba za su zame maka a tsakiyar naɗi.